Wace kalma za mu ba wanda ya yi ta'asa ya tsira daga hukunci?

Assalamu alaikum masu fassara da ma'abota harshe. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin ƙasar da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, da wuya Majalisar Ɗinkin Duniya ko jakadun ƙasashe su fitar da sanarwa kan take haƙƙin ɗan Adam a can ba a ci karo da kalmar "impunity" ba, mu kuwa har yau kowa da yadda yake fassara ta.

Darfur, da ke yammacin Sudan, ita ce ta fi fayyace ma'anarta. A 2005 Kwamitin Sulhu ya miƙa batun yankin ga kotun manyan laifuka ta duniya da ke Hague, kotun ta ba da sammacin kama shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, a 2009, ta ƙara wani a 2010 bisa zargin kisan ƙare dangi, amma ya ci gaba da mulki, yana kai ziyara ƙasashe ana shimfiɗa masa jar darduma, har aka hamɓarar da shi a 2019 ba tare da an miƙa shi ba. Mayaƙan sa-kai na Janjawid, masu mara wa gwamnatinsa baya, da aka zarga da ƙone ƙauyuka a Darfur, daga cikinsu aka kafa RSF a 2013, bayan shekara goma kuma sai ga zargin kisan 'yan ƙabilar Masalit a birnin Al-Janaina. Ke nan kalmar da muke nema dole ta ɗauki natsuwar mai laifin da ya sakankance babu abin da zai same shi, domin ya ga na gabansa sun yi sun kwana lafiya.

"Rashin hukunci" shi aka fi ji, sai dai mai sauraro zai iya ɗauka cewa alƙali ne bai yanke shari'a ba tukuna. "Rigar kariya" kuskure ce, domin doka ce ke ba mai muƙami ita. "Afuwa" ma ba ta shiga, tunda wanda aka yi wa afuwa an san laifinsa aka yafe. Wani malami ya ba ni shawarar mu bi Larabawa da ke cewa kuɓucewa daga uƙuba, mu ce "kuɓuce wa hukunci". Fassara ce mai tsabta, zan kuma amince da ita a takardar kotu, amma tana nuna kamar an biyo mutum ne ya zille, alhali baƙin cikin mutanen Darfur shi ne yawancin masu laifin ba wanda ya taɓa biyo sawunsu.

Ni dai na tsaya a kan "cin bulus". Idan Bahaushe ya ce an kashe mutum an ci bulus, kowa ya gane cewa jini ya zuba, an san wanda ya zubar, kuma ba a nemi diyya ko ƙisasi ba. Na san za a ce maganar kasuwa ce da ba ta dace da harshen diflomasiyya ba. To ai "takunkumi" ma abin ɗaure bakin dabba ne, yau kuma da shi muke faɗin matakin da ake ƙaƙaba wa ƙasa guda, ba wanda yake jin ya yi arha.

Ga gwaji: "A watan Oktoban 2025 kotun ta samu Ali Kushayb, jagoran Janjawid, da laifukan yaƙi, hukunci na farko da ta yanke kan Darfur, amma masu kare haƙƙin ɗan Adam na cewa mutum ɗaya bai isa ya kawo ƙarshen cin bulus ba."

Ina roƙon Hausawan Sudan musamman, waɗanda wannan yaƙi ya shafa kai tsaye, su gaya mana ko kalmar ta yi wa abin da suka gani sauƙi.