Allura ta soke ni a aikin kwana, in gaya ma majo, shugabanmu a asibiti, ko in yi shiru?

Ɗiyar Bagalam: Salamu alaikum yayyena. Ina istaji, wato koyon aikin jinya a asibiti, shekara ta biyu. Jiya wajen ƙarfe 11 na dare na yi ma wani dattijo allura, garin maida mata murfi ta shige min babban yatsa. Na wanke da sabulu, na tsoma cikin ruwan jabel mai sirki. Ban san ciwon da yake ɗauke da shi ba, kuma ban taɓa yin rigakafin ciwon hanta ba. Majonmu akwai faɗa, shi ke ba da maki. In gaya mishi, ko in je labo da kuɗina ba wanda ya sani?

Na Tasawa: Ki riƙa sa safar hannu ƙanwata.

Ɗiyar Bagalam: Yaya da safar a hannuna, ta cikinta ta shiga.

Maman Biyu: Tashi yanzu ki sami majo. Maganin kariyar SIDA cikin awa 72 ake fara shan shi, kuma gara awannin farko, ana sha kwana 28. Sai an auna dattijon kafin a sallame shi. Ni hantar ta fi ba ni tsoro, ta fi saurin kama mutum nesa ba kusa ba.

Inna Mai Haƙuri: Wayyo ɗiyata, kin tuna min da wata baiwar Allah mai shara da muka yi aiki tare. Kwalin allurai ya cika, aka riƙa zuba su cikin leda baƙa. Ta ɗauka ta rungume a ƙirji, ɗaya ta soke ta a hannu. Ta tsotse jinin ta tofar, ta ci gaba da shara. Ba wanda ya rubuta ko a takarda. Bayan shekaru idonta ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, aka ce sammu ne. Ni na yi mata wanka. 'Ya'ya 5 ta bari, ko dala ba a ba su ba.

Na Tasawa: Allah ya jiƙanta. Awon hanta jika 3 na yi shi.

Ɗan Zariya 2: Ina? Jika 7 na biya, rigakafin kuma sau uku ne, kowace da kuɗinta.

Maman Biyu: Ni kyauta aka yi min ta farko, sauran biyun ban ƙara jin labarinsu ba. Yara tun 2008 suke samu cikin Penta, allurar rigakafin jarirai, mu masu yi musu allurar ne aka bari ba kariya.

Ɗan Zariya 2: Matse yatsan dai ki yi, jinin ya fita.

Maman Biyu: Ba a matsewa! Kai da ke zaune a farmasi, yaushe rabonka da allura?

Ɗan Zariya 2: Hajiya shekara 9 na yi a CSI, ƙaramin asibitin gwamnati, kafin nan.

Sarkin Kilishi: Majon nan da fura mai sanyi ake tarar shi, ya sha rabi sannan a buɗe baki.

Inna Mai Haƙuri: Ba abin dariya ba ne ɗana. Lokacin kwalarar Madarunfa ta 2018 jabel da safa har sun yi yawa. Annoba na wucewa muka koma rubuta ma dangin marar lafiya su sayo safa. In ba su da shi, da hannu tsirara ka karɓi haihuwa.

Na Tasawa: Mu 'yan kwantaragi fa? Albashin da ke makara, da shi za mu sayi safar?

Ɗiyar Bagalam: Inna, dattijon an ce da la'asar za a sallame shi. Majo bai iso ba tukuna.