Shawarwari ga mai binciken tarihin haƙar kuza a tsaunukan Jos

A wata tattaunawa da aka yi kan binciken tarihin haƙar kuza a tsaunukan Jos, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada mai bincike ya fara tarihin daga zuwan Turawa, domin tun kafin kamfanonin Ingila su kafa sansani a Naraguta a farkon ƙarni na 20, mutanen Ririwai suna narka kuza, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake kuma suna kai ta kasuwanni masu nisa.

An kuma ja hankali a kan takardun kamfanoni, waɗanda suka cika da lissafin tan da riba amma suka yi shiru game da leburori. A nan aka fi daɗewa, kuma ya cancanta. Bayan Japan ta mamaye Malaya (yankin ƙasar Malesiya ta yau, inda Ingila take samun kuza mai yawa) a 1942, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, inda sanyin tsauni da yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Saboda haka aka ce a gaggauta neman 'ya'yansu da jikokinsu a Bukuru da Barkin Ladi, a naɗi abin da suka ji daga bakin iyayensu, haka nan a saurari Birom waɗanda aka haƙe gonakinsu.

Wanda zai je ganin tsofaffin ramukan kuwa, an gargaɗe shi ya tafi da ɗan gari, domin ruwan da ya cika su yana da zurfi kuma gaɓarsu tana zaftarewa.