Shirya bikin waƙe-waƙen rufe zango: ina neman shawara

Sabuwar Malama, Kaduna:
Assalamu alaikum. A watan Satumba na kama aikin koyar da kiɗa da waƙa a wata firamare mai zaman kanta, kuma shugabar makaranta ta ɗora mini shirya bikin da za a yi kafin hutun Disamba. Ɗalibanmu Musulmi ne da Kirista, kayan kiɗanmu kuwa ba su wuce ganga biyu da fiyano mai aiki da lantarki ba. Daga ina zan soma, kuma waƙoƙi nawa kowane aji zai iya ɗauka?

Tsohon Malami, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya taya riƙo. Ki ba kowane aji waƙa ɗaya tak, wadda za su haddace har ta zauna a bakinsu. Ki zaɓi masu amshi, irin waƙoƙin gaɗa, inda yarinya ɗaya mai zaƙin murya za ta ba da waƙa sauran su amsa da tafi, domin ko wani ya manta baiti, amshin zai rufa masa asiri. Sannan ki ba taken ƙasa lokacinsa. Tun da aka dawo da tsohon take a watan Mayun 2024, na lura yara da yawa sun kama sautinsa, amma suna cin kalmomi a baiti na biyu da na uku, ga shi kuwa da shi ake buɗe taro a gaban manyan baƙi.

Maman Biyu, Jos:
Ni uwa ce, ba malama ba. Don Allah, 'yar'uwa, ki rubuta baitocin ki aika gida tun da wuri, iyaye su gani da idonsu. Waƙar addini a bar wa masu addinin da yardar iyayensu, ta haɗin gwiwa kuma ta kasance kan ilimi ko biyayya ga iyaye.

Malamin Kiɗa, Kano:
Ƙari a kan maganar Malam, kada ki jingina komai a kan fiyanon nan, domin ana iya ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa. Ki saba musu da ganga da tafi. Disamba kuma lokacin hunturu ne, ƙura tana dusar da murya, saboda haka ki taƙaita gwaji a makon ƙarshe, ki sa su sha ruwa, ki kuma tanadi mai ba da waƙa ta biyu. Ki ware rana guda ki koya musu hawa dandamali da sauka kawai, kowa ya san wanda yake bi a layi da inda zai tsaya.