Neman shawara: abinci na tsaya wa ƙanina a ƙirji

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka da shawara. Ƙanina ne ɗan shekara 19, in yana cin nama ko burodi sai ya tsaya masa a ƙirji ya yi ta kora ruwa, wani lokacin sai ya yi amai yake samun sa'ida, kullum shi ne na ƙarshen tashi daga kwano. Dama yana da asma tun yana ƙarami. Gwajin jini ya nuna eosinophil ɗinsa (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) sun yi yawa, likita ya ce sai an zura masa kyamara ta baki, Hajiya kuma ta ce atafau ba ta yarda ba. Wai dole ne?

Maman Khalifa: Allah ya ba shi lafiya. A fara gwada bayan gida da fitsari, a nan wajenmu tsutsar ciki da tsargiya su suka fi ɗaga eosinophil.

Abu Hanif: Gaskiyar Maman Khalifa, amma tsutsa ba ta cika sa abinci ya maƙale ba. Matashi namiji, ga asma ga maƙalewar abinci, ina ga likitan na zargin eosinophilic esophagitis ne, wato waɗannan ƙwayoyin jinin su taru a bututun abinci ya kumbura har ya tsuke, kuma jini kaɗai ba ya tabbatar da shi sai an yi endoskofi, wato zura kyamarar nan, an tsinko ɗan nama an duba, in an ga ƙwayoyin sun kai 15 ko fiye a fili ɗaya na madubin gwaji, to shi ake zargi. Ana yi a asibitin Malam Aminu Kano, aikin mintoci ne.

Ummu Sadiq: To in shi ne yana da magani?

Abu Hanif: Akwai. Omeprazole na yi wa wasu, wasu a ba su budesonide ko fluticasone, magungunan asma na shaƙa, su haɗiye maimakon shaƙa, wasu a hana su cin wasu nau'ikan abinci, an fi farawa da madara sai alkama da ƙwai. In bututun ya tsuke sosai a buɗa shi. Don Allah kar ku saya masa prednisolone a kemis, in akwai tsutsar strongyloides maganin na iya sa ta bazu a jiki, abin na kisa.

Baban Ilham: Ku tafi da Hajiya ta ji daga bakin likita. Kuma ranar da ya kasa haɗiye ko da yawu ne kar a jira gari ya waye, a yi asibiti da shi.