Lardi ɗaya, harsuna biyu: wa ke magana da yawun malaman makaranta a New Brunswick?

Mai Bibiya:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san al'amuran Kanada. New Brunswick shi kaɗai ne lardin da doka ta ɗora Ingilishi da Faransanci a matsayi ɗaya, tun daga dokar harsunan hukuma ta 1969, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanensa Faransanci ne harshensu na gado. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, malaman makarantun gwamnati suna da ƙungiyoyi har uku: NBTA da AEFNB da NBTF. Shin wannan ba rarrabuwar kai ba ce da ke raunana su a gaban gwamnati? Kuma wace rawa suka taka wajen janye shirin sauya koyar da Faransanci a 2023?

Tsohuwar Malama:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙungiyoyin sun bi tsarin makarantun ne. Ma'aikatar ilimi ta lardin kanta sassa biyu gare ta, kowane da manhajarsa, kuma tun 2012 gundumomin ilimi bakwai ne: huɗu na masu Ingilishi, uku na masu Faransanci. Wannan ba alfarma ba ce da wata gwamnati za ta janye idan ta ga dama, domin sashe na 16.1 da aka ƙara cikin kundin 'yancin ɗan ƙasa na Kanada a 1993 ya tabbatar wa kowace daga cikin al'ummomin lardin biyu, masu Ingilishi da masu Faransanci, haƙƙin mallakar cibiyoyin iliminta.

Saboda haka NBTA ke kula da sha'anin koyarwa a ɓangaren Ingilishi, AEFNB kuma a ɓangaren Faransanci, inda aikin malami ya haɗa da raya harshen da 'ya'yansa ke kewaye da Ingilishi ta kowace fuska. Amma idan aka zo batun albashi da yawan ɗalibai a aji da lokacin shirya darasi, tarayyar NBTF ce ke zama da gwamnati da sunan kowa, a fito da yarjejeniya guda. Malamin Edmundston, garin masu Faransanci, da na Saint John, birnin da Ingilishi ya rinjaya, ma'aunin albashinsu ɗaya ne, don haka gwamnati ba ta da ƙofar da za ta lallashi ɓangare ɗaya ta bar ɗayan.

Baban Ɗalibai:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa a kan tsari, amma ina da ja a kan tambaya ta biyu. Gwamnatin firimiyan lardin na lokacin, Blaine Higgs, ba don raha ta taɓo shirin da ake koyar da 'ya'yan masu Ingilishi darussansu da Faransanci ba. Hujjarta ita ce yawancin ɗaliban ɓangaren Ingilishi na kammala sakandare ba su iya hira da Faransanci ba, a lardin da guraben aikin gwamnati da dama ke buƙatar harsunan biyu. Sannan shirin ya zama rariya: yara masu ƙoƙari su tafi can, masu buƙata ta musamman su taru a sauran azuzuwa, alhali manufar lardin ta 2013 ta ce kowane yaro ya zauna aji ɗaya da tsaransa. Shawarar gwamnati ta maye gurbin wannan shirin da raba yini biyu, rabi Ingilishi rabi Faransanci ga dukan masu shiga makaranta a ɓangaren Ingilishi, ta cancanci a gwada ta, amma NBTA ta ƙi ba da goyon baya.

Tsohuwar Malama:
Malam, matsalar rariyar gaskiya ce, kuma malamai sun riga gwamnati kuka da ita. Abin da aka yi saɓani a kansa shi ne gaggawa. Ministan ilimi na lokacin, Dominic Cardy, ya yi murabus a watan Oktoba na 2022 yana zargin firimiyan da matso da ranar fara sabon tsarin zuwa Satumbar 2023. Idan kowane ajin share fage da aji ɗaya zai yi rabin yini da Faransanci, daga ina za a samo malaman da suka ƙware a harshen, a lokacin da makarantu ke fama ko da neman wanda zai riƙe aji ranar da malami ya kwanta rashin lafiya? A tuna kuma cewa a 2008 an ɗage fara shirin koyarwa da Faransanci daga aji ɗaya zuwa aji uku, a 2017 aka mayar da shi aji ɗaya, kuma kowane juyi a kan malamin aji yake ƙarewa, shi ne mai sake shirya darussa da amsa tambayoyin iyaye.

Ɗan Jarida Mai Ritaya:
A ganina an ba NBTA nauyin da ya fi ƙarfinta. Iyaye ne suka cika zaurukan sauraron ra'ayin jama'a a farkon 2023 suna nuna rashin amincewa, kafin Bill Hogan, ministan ilimin da ya gaji Cardy, ya sanar da janye sabon tsarin a watan Fabrairu. Muryar malamai ta yi tasiri ne domin ta zo daidai da ta iyaye. Tambayar Baban Ɗalibai game da yaran da ba su cikin shirin koyarwa da Faransanci kuwa, janyewar ba ta amsa ta ba.