Gyaran tsoffin fim, yana da amfani kuwa?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya wani abokina ya sa mini wani tsohon fim a kile USB, irin waɗanda aka hana nunawa da can, wai an gyara shi, hoto fes kamar yau aka ɗauka. To wai ya ake yi, kuma wahalar ta cancanta?

Malam na Zengu: Wa alaikum salam ƙanena. Asalin zaren fim ɗin suke nema, su wanke shi su ɗauki hotonsa ɗaya bayan ɗaya da kwamfuta, su goge ƙarce su gyara launi da sauti, wani lokaci har wuraren da aka yanke su maido. Ka ga Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976, mai maganar bauta, ya ɓace shekaru, sai da aka gyara shi aka nuna a Berlin a 2018. Wallahi da an bar shi da ya ruɓe.

Ƴar Sabon Gari: Ni dai Malam wuraren da aka maido ne ke damuna, gidanmu tele ɗaya ce kuma yara na nan zaune.

Malam na Zengu: Gaskiyarki ƙanwata, ki fara kallo ke kaɗai tukuna.