Sakamakon gwajin istirojin ɗina ya nuna 165, shin matsala ce?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah masu sani a taimaka min. Na daɗe da aure ban samu ciki ba, sai likita ya rubuta min gwajin jini na istiradayol (wani nau'in istirojin, sinadarin mata) da FSH da LH (sinadaran da ke sa gidan ƙwai aiki), ya ce a ɗiba a rana ta uku da zuwan al'ada. Sakamako ya fito, istiradayol ɗin 165. Na karanta cewa idan ya haura 80 a wannan ranar, ƙwan mace ya fara ƙarewa. Shekarata 31. Sai mako mai zuwa zan ga likita, hankalina kuma a tashe yake, ko barci na kasa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ɗauko takardar ki duba abin da aka rubuta a gefen lambar. Ma'auni biyu ake amfani da su, pg/mL da pmol/L. Wancan 80 da kika gani na pg/mL ne. Idan naki pmol/L ne, sai an raba shi da 3.67 kafin a kwatanta.

Mai tambaya: Malam, na duba yanzu, pmol/L ne a rubuce.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: To kin ga 165 ɗin nan kusan 45 ke nan a ɗaya ma'aunin, kuma wannan daidai yake da farkon al'ada. Amma ina da tambaya: yaya kika ƙirga kwanakin? Rana ta ɗaya ita ce ranar da jini ya zo sosai, ba ranar da kika ga ɗan ɗigo ba. Wannan sinadarin ba ya zama wuri ɗaya. A kwanakin farko yana ƙasa, sai ya yi ta hawa har ya ninka sau da yawa dab da fitar ƙwai, sannan ya sauko. Mace ɗaya za a iya ɗibar jininta sau biyu a wata guda a samu lambobin da ba su yi kama da juna ba, kuma lafiyarta lau.

Ungozoma: Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Likita ba ya karanta istiradayol shi kaɗai, da FSH yake haɗawa. Idan istiradayol ya yi ƙasa ƙwarai, FSH kuma ya yi sama, alama ce gidan ƙwai ya yi rauni, shi ma sai an maimaita gwajin kafin a yanke hukunci. Idan duka biyun suna ƙasa, sai a koma kan ƙwaƙwalwa, wadda ke ba gidan ƙwai umarni, a duba furolaktin (sinadarin da ke kawo ruwan nono), ko rama mai tsanani. Dalilin da ake gudun istiradayol ya yi yawa a rana ta uku shi ne yana iya danne FSH, ya sa a ga kamar komai lafiya alhali da saura. Sannan wannan gwajin ba ya tabbatar da cewa kina fitar da ƙwai. Na furojestaron (sinadarin da ke hawa bayan ƙwai ya fita) ne ke nuna haka, ana yin sa kwana 7 kafin al'ada ta gaba. Maigidan fa, an duba maniyyinsa? Ana yawan barin mace da zirga-zirgar asibiti ita kaɗai, abin yana damuna.

Wata 'yar'uwa: Ni da ake min maganin haihuwa a kai a kai ake ɗibar jinina don a ga yadda ƙwai ke girma, tare da sikanin. Ki gaya wa likita duk abin da kike sha. An hana ni ƙwayar bayotin ta gyaran gashi kafin gwaji, domin tana iya rikita sakamako. Ƙwayar tazarar haihuwa ma tana sauya lambobin.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Anti, FSH ɗin 6.8 ne, kuma daga ranar da jini ya zo sosai na ƙirga. Maigida bai yi gwaji ba tukuna.

Ungozoma: Wannan FSH ɗin ba abin tsoro ba ne. Ki lallaɓa shi ku tafi tare ranar ganin likita, ki kuma riƙe takardar da kika rubuta ranakun al'adarki na watannin baya.